Anthony Joshua da Tyson Fury a damben boksin: in an sa zare, wa zai yi nasara?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya, ya ce: "Malam, mun daɗe muna musu a majalisarmu. In aka haɗa Anthony Joshua da Tyson Fury, wa kake ganin zai ci? Ni dai na ce Joshua, domin Ngannou ɗin da ya kai Fury ƙasa turmi biyu kacal ya yi a hannun Joshua."

Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri. Bari in ba ka amsar tun daga farko don kada in ja maka rai: ni Fury nake ba wa, kuma na fi zaton a kan maki zai ci bayan an cika turmi 12. Da za a yi wasan sau goma, a ganina Fury zai ɗauki shida, Joshua huɗu, kuma huɗun nan na Joshua kusan dukkansu da bugun kwaf ɗaya za su zo, kafin a wuce turmi na shida. Faɗin haka bai yi mini daɗi ba. Joshua ɗan gida ne, asalinsa Sagamu ta jihar Ogun, ya yi wani ɓangare na yarintarsa a makarantar kwana a Najeriya, kuma taswirar Afirka ce zane a kafaɗarsa. Duk daren da zai hau fage ba na barci. Sai dai shekarun da na yi ina koyar da yara damben boksin sun koya mini cewa so hana ganin laifi ne, kuma wanda ya auna ɗan dambe da zuciyarsa yakan sha mamaki.

Mu fara da hujjarka, domin hujja ce mai ƙarfi kuma ita ce a bakin mutane da yawa. Ranar 28 ga Oktoban 2023 a Riyad, Francis Ngannou ɗan Kamaru, wanda bai taɓa yin damben boksin na ƙwararru ba, ya kwantar da Fury da naushin hagu a turmi na uku. Da ƙyar Fury ya sha, alƙalai biyu suka ba shi, ɗaya ya ba Ngannou. Ranar 8 ga Maris ɗin 2024, a wannan gari dai, Joshua ya kai Ngannou ƙasa sau uku, ya gama da shi a turmi na biyu. Kuma ba Ngannou kaɗai ba ne. Otto Wallin ya fasa wa Fury gira a 2019 har sai da aka yi masa ɗinki 47, suka cika turmi 12, amma a hannun Joshua a Disambar 2023 bai iya fitowa turmi na shida ba. Kevin Johnson ya cika turmi 12 da Fury a 2012, Joshua kuwa turmi biyu ya ba shi a 2015. In da lissafin makaranta ake yi da dambe, da an gama magana.

To amma abin da waɗannan wasanni suka tabbatar abu ne da babu mai musunsa tun asali: hannun Joshua ya fi na Fury nauyi. Zuwa ƙarshen 2024 Joshua ya ci wasa 28, a ciki 25 abokin karawar bai ji ƙararrawar ƙarshe ba. Sun kuma tabbatar da wani abu game da Fury, wato mutum ne mai raina ƙaramin aiki. In bai ga haɗari ba yakan zo da tumbi, ya yi wasa da horo. Ya raina Ngannou, kowa ya gani a jikinsa a daren. Shi kuwa Joshua ya samu damar zama ya kalli turmi goma na Ngannou, ya ga yadda yake sauke hannu in an zolaye shi, ya shirya masa dama. Fury ɗin da zai fito wa Joshua ba zai raina shi ba. Shekara goma da ɗoriya suna yi wa juna baƙar magana a Ingila, wannan wasa ne na waye zai iya ɗaga kai a garinsu har ƙarshen rayuwa.

In kana son abokin karawa ɗaya da zai nuna maka bambancin mutanen nan biyu, ɗauki Wladimir Klitschko. Fury ya same shi a Dusseldorf ta Jamus ranar 28 ga Nuwamban 2015, Klitschko yana riƙe da kambuna, ya fi shekara goma ba a doke shi ba. Wasan ba daɗin kallo. Fury ya yi ta kewaye shi, yana girgiza kafaɗa, yana nuna zai kawo naushi ya fasa, yana sauya ƙafa daga dama zuwa tsayuwar bahago. Klitschko ya kasa sakin hannunsa, a turmi 12 naushi 52 kawai aka ƙirga masa sun sauka. Joshua ya haɗu da shi a Wembley ranar 29 ga Afrilun 2017 a gaban mutum 90,000, lokacin Klitschko yana da shekara 41 kuma ya yi wata 17 bai hau fage ba. Wasan ya yi daɗi matuƙa, Joshua ya ci a turmi na 11, amma sai da ya sha ƙasa a turmi na shida, ya leƙa ramin faɗuwa ya dawo. Ɗaya ya hana mutumin yin dambe baki ɗaya, ɗaya ya yarda aka yi musayar wuta kuma Allah ya ba shi sa'a. Masu kallo sun fi son na biyu. Mai horarwa ya fi son na farko.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, domin a nan ne na tsayar da ra'ayina. Mu da muka tashi muna kallon damben gargajiya, idonmu ya saba da wani abu: da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, makaɗa su ɗauka, magana ta ƙare. Saboda haka in muka zo kallon boksin, tambayar da muke yi ita ce wa ya fi ƙarfin hannu, wa zai riga kai wani ƙasa. A boksin kuwa wanda ya faɗi yana da ƙidaya goma, in ya miƙe a ci gaba. Tsakanin manyan ajin masu nauyi, inda kusan kowa ya haura kilo 100 kuma safar hannun ƙarama ce, kusan babu wanda ba zai taɓa faɗuwa ba. Abin da ke raba su shi ne abin da mutum yake yi a cikin daƙiƙa talatin bayan an girgiza shi, da abin da yake yi a daƙiƙa talatin bayan shi ya girgiza wani. A waɗannan wurare biyu Fury ya yi wa Joshua nisa.

Ka tuna daren 1 ga Disambar 2018 a Los Angeles. Fury ya dawo daga shekara biyu da rabi na ciwon damuwa da shaye-shaye, nauyinsa ya taɓa kusantar kilo 180, wasa biyu marasa nauyi kawai ya yi kafin ya fuskanci Deontay Wilder, mutumin da a zamaninsa babu mai hannun dama irin nasa. An riga an kai shi ƙasa a turmi na tara. A turmi na 12 Wilder ya sauke masa dama, yana cikin faɗuwa ya bi shi da hagu. Fury ya kwanta rigingine, ƙeyarsa a ƙasa, ko yatsa ba ya motsawa. Wilder ya juya baya yana rawa, ya ɗauka an gama. Alƙalin wasa Jack Reiss ya durƙusa a kansa yana ƙidaya. Kwatsam mutumin nan ya ɗago kamar wanda aka tasa sallar asuba, ya miƙe kafin goma, Reiss ya sa shi ya taka gefe ya dawo, ya ga ƙafafunsa na ɗauke da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki ba miƙewar ba ce. Bayan 'yan daƙiƙu hankalinsa ya dawo cif, ya shiga kauce wa naushi, shi ne ma ya ƙarasa turmin yana kai hari. Aka tashi canjaras.

Ba sau ɗaya ya yi haka ba. Neven Pajkic ya kai shi ƙasa a 2011, ya tashi ya ci. Steve Cunningham ya kai shi ƙasa a turmi na biyu a New York a 2013, ya tashi ya ci a turmi na bakwai. A karo na uku da Wilder, ranar 9 ga Oktoban 2021, sau biyu ya faɗi a turmi na huɗu, ya tashi ya kwantar da Wilder a turmi na 11. Ko a wasansa na farko da Oleksandr Usyk, ranar 18 ga Mayun 2024, da aka yi ta jifa da shi daga igiya zuwa igiya a turmi na tara har alƙali ya yi masa ƙidaya, ya huta minti ɗaya, ya dawo ya cika wasan, ɗaya daga alƙalai uku ma shi ya ba wa nasara da maki 114 da 113. Sau takwas ke nan ana yi masa ƙidaya, ba a taɓa tsayar masa da wasa ba. Wannan baiwa ce, ba a koyar da ita a ɗakin horo. Wasu mutane ƙwaƙwalwarsu tana saurin dawowa, wasu kuwa in an taɓa su sai jirin ya bi su turmi uku ko huɗu.

Joshua yana cikin kashi na biyu, kuma faɗin haka ba zagi ba ne. Ba matsoraci ba ne ko kaɗan, wanda ya tashi daga damar Klitschko ya ci wasa ba a kiransa rago. Amma ka duba yadda abin ya kasance: bayan ya faɗi a turmi na shida, ya yi turmi biyu zuwa uku yana neman numfashi, Klitschko ya ƙi matsa masa, yana jiran ya gaji da kansa. Wannan sassaucin ne ya cece shi. Andy Ruiz bai yi masa irin wannan sassauci ba. Ranar 1 ga Yunin 2019 a Madison Square Garden, Joshua ne ya fara kai Ruiz ƙasa a turmi na uku. Ruiz ya miƙe, Joshua ya afka masa don ya ƙarasa, ya tsaya ƙyam a gabansa, Ruiz ya ɗora masa hagu a saman kunne. Daga nan bai sake dawowa daidai ba. An ji shi a kusurwarsa yana tambayar kocinsa me ya sa yake jin jikinsa haka. Sau huɗu ya faɗi a daren, a turmi na bakwai ya tofar da robar kare haƙora, ya jingina hannuwa a kan igiya, alƙali ya ɗaga hannu.

Shekara biyar bayan haka aka maimaita kusan abu ɗaya. Wembley, 21 ga Satumban 2024, mutum 96,000, abokin karawa Daniel Dubois. Ana gab da kaɗa ƙararrawar turmi na farko Joshua ya ja da baya hannunsa a ƙasa, haɓarsa a sama, Dubois ya sauke masa dama ta sama. Ya faɗi, ya tashi, amma ƙafafun ba su dawo ba, ya sake faɗuwa a turmi na uku da na huɗu. Sai a turmi na biyar damarsa ta samu Dubois sosai, Dubois ya ja baya zuwa kusurwa, filin ya ɗauki ihu. A nan ne ya kamata ya tsaya, ya zungure shi da hagu, ya auna tazara. Sai ya bi shi, ya ɗebo naushin nan mai tasowa daga ƙasa zuwa haɓa tun daga nesa, fuskarsa a buɗe. Dubois ya tare shi da gajeriyar dama. Bai tashi ba.

Ka ga abin da nake nufi? Sau biyu aka tsayar da Joshua a rayuwarsa, kuma duka biyun naushin da ya karya shi ya zo ne a daidai lokacin da ya ga nasara a gabansa. Da ya ji ƙanshin kisa sai ya manta da garkuwa. To ka ɗora wannan hali a kan mutumin da ya fi kowa iya tashi daga ƙasa. Ni ban cire tsammanin Joshua ya kai Fury ƙasa ba, hasali ma ina zaton zai iya. Tsorona shi ne abin da zai biyo baya: Fury ya miƙe, ya rungume shi, ya danne masa wuya, Joshua ya zazzage duk abin da ke cikinsa yana son gamawa, turmi ya ƙare, ya koma kujera ƙirjinsa yana hawa da sauka.

Wannan ya kawo mu maganar numfashi. Jikin Joshua abin sha'awa ne, amma tsoka mai yawa tana cin iska mai yawa. Duk lokacin da ya yi ruwan naushi sai ya biya kuɗinsa a turmi na gaba. Da Klitschko, ya kai shi ƙasa a farkon turmi na biyar, kafin turmin ya ƙare shi ne yake tangaɗi. Da Usyk a Jidda ranar 20 ga Agustan 2022, turmi na tara shi ne mafi kyau da ya yi, ya yi ta dukan ciki har Usyk ya takura, amma a turmi na goma Usyk ya dawo kansa kamar ba shi aka daka ba, Joshua kuwa ba sauran mai a tanki. A wasansu na farko a filin Tottenham a 2021, ƙararrawar turmi na 12 ta same shi a jingine da igiya ana dukansa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma Fury, duk da tumbinsa da siraran ƙafafunsa, bai taɓa rasa numfashi a ƙarshen wasa irin haka ba, domin a sake yake yin dambe, kafaɗunsa ba sa ɗaurewa.

Akwai kuma wani aiki da Fury ya ƙware a kai wanda mai kallo a talabijin ba ya lura da shi. Tun da ya koma hannun SugarHill Steward, ɗan gidan horon Kronk na Detroit, ya koyi amfani da nauyinsa a matsayin makami. A karo na biyu da Wilder, ranar 22 ga Fabrairun 2020, ya zo da kilo 124, ya riƙa shiga jikinsa, ya kai naushi biyu, ya kwanta masa a wuya, alƙali ya raba, ya sake. Zuwa turmi na bakwai mutanen Wilder suka jefa tawul. Ina yi wa yarana wannan darasi da gangan. Nakan haɗa yaro mai ƙarfin hannu da wanda ya fi shi nauyi, in ce wa mai nauyin kada ya yi duka sosai, ya dai riƙa jingina, ya sa gwiwar hannu a kan ƙeyar ɗan'uwansa ya danna. Kafin turmi na uku za ka ga mai ƙarfin hannun ya buɗe baki, hannuwansa sun sauko ƙugu, in ya kai naushi kamar a cikin ruwa yake kai shi. Cinyoyi ne suke fara mutuwa, kuma ƙarfin naushi daga cinya yake tasowa. Gaskiya ne Joshua ba Wilder ba ne, yakan kai kilo 114 kuma ƙirjinsa ya fi na Wilder ƙarfi nesa ba kusa ba, ba za a yi ta wurgi da shi haka ba. Amma ture mutum mai kilo 124 daga jikinka sau goma a kowane turmi shi ma aiki ne, kuma daga asusun numfashi ake biyansa.

Wani abin kuma shi ne gado. Fury ya tashi a gidan da dambe sana'a ce, kamar yadda yake a gidajen mahauta a wurinmu. Mahaifinsa John ɗan dambe ne, har sunan Mike Tyson ya sa masa da aka haife shi bakwaini a 1988. Baffansa Peter ne ya horar da shi ya ci Klitschko, ƙaninsa da ɗan baffansa duk 'yan dambe ne. Joshua kuwa sai da ya kai shekara 18 ya fara sa safar hannu a wani kulob a Finchley, kuma abin da ya yi a cikin 'yan shekaru, har zinaren Olamfik a Landan a 2012, abin jinjina ne. Amma wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Fury jikinsa ne yake amsa tambaya kafin kansa ya yi tunani. Joshua za ka ga yana tunani a fage, yana tuna abin da aka ce masa, kuma mai zolaya irin Fury abincinsa ke nan, ya nuna maka kafaɗa ka tsaya kana lissafi, turmi ya wuce ba ka saki hannu ba. Yawan sauya masu horarwa ma bai taimake shi ba: Rob McCracken, Robert Garcia, Derrick James, Ben Davison, duk a cikin shekara uku. Kowa da irin damben da yake so ya yi.

To me ya sa na ba Joshua huɗu cikin goma, ban ba shi ɗaya ko biyu ba? Domin yana da hujjoji na gaske. Na farko, dogayen mutane ba su cika ba shi wahala ba. Dominic Breazeale, Kubrat Pulev, Robert Helenius, Wallin, duk ya gama da su kafin lokaci. Masu wahalar da shi su ne gajeru masu saurin hannu irin Ruiz, ko bahago mai ƙafa irin Usyk. Fury yana da tsawon ƙafa 6 da inci 9, Joshua ƙafa 6 da inci 6, hannun Fury ya fi tsawo da inci uku kacal. Babban bango ne, akwai wurin duka. Kuma damar Joshua miƙaƙƙiya ce, ba ta yin kwana irin ta Wilder, tana zuwa ne a bayan zungurin hagu, ga hagu mai lanƙwasa da naushin haɓa suna biye. Wilder hannu ɗaya gare shi, Joshua kuwa in ya same ka uku yake jerawa.

Na biyu, Fury na yau ba na 2015 ba ne. Ƙafafun da suka kewaye Klitschko sun yi nauyi. Wasa uku da Wilder sun ci wani abu a jikinsa wanda ba ya dawowa, kuma baiwar tashi daga ƙasa ba rijiya ce marar ƙarewa ba, kowace faɗuwa tana rage ta. Yanzu yakan jingina da igiya ya dogara da kaucewar ƙugu, a nan Usyk ya kama shi. A karo na biyu da Usyk, ranar 21 ga Disambar 2024, ya hau sikeli da kilo 127 da tufafinsa, kuma a rabin wasan na ƙarshe Usyk ne yake da sauran gudu, alƙalai uku duka suka ba da 116 da 112. In Fury ya kwanta a igiya a gaban Joshua a turmi na biyu ko na uku yana wasa da hannu a baya, zai iya farkawa a ɗakin canza kaya. Duk da haka ka lura: turmi 24 ya yi da Usyk yana gogayya, a wasan farko ma shi ke gaba a tsakiyar wasa, har ya girgiza Usyk da naushin haɓa a turmi na shida. Raunin da Fury ya nuna na tsufa ne. Wanda Joshua ya nuna a hannun Dubois na haɓa ne da na natsuwa, kuma shi ya fi wuyar gyara.

Da ni ne a kusurwar Joshua, abu uku zan yi ta nanata masa har ya gaji da ji. Kada ya nemi kan Fury a farko, kan nan ba ya zama wuri ɗaya, ya zunguri ƙirji da ciki, domin ƙirji ba ya kaucewa, kuma dukan ciki ne ke sauko da hannun dogon mutum. Ya riƙe tsakiyar fage, ya riƙa tura Fury baya da ƙananan taku, kada ya yarda shi ne mai ja da baya, domin Joshua mai ja da baya a miƙe yake tafiya, haɓa a sama. In kuma Allah ya ba shi ya kai Fury ƙasa, ya ɗauka turmi ɗaya ya ci da maki 10 da 8, ya koma aikinsa a natse. Ya taɓa nuna yana iya bin umarni: a Diriyya ta Saudiyya a Disambar 2019 ya rage nauyi zuwa ƙasa da kilo 108, ya yi turmi 12 yana zungurin Ruiz yana kewayawa, ya karɓo kambunansa. Sai dai wancan tsari na gudu ba zai yi aiki a kan wanda ya fi shi tsawon hannu ba. Dole ya shiga, kuma ya shiga da hankali, abu biyun da bai cika haɗa su a dare ɗaya ba.

Akwai ƙananan abubuwa da za su iya karkatar da sikelin, ka sa musu ido in an sa rana. Alƙalin wasa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A wasan Joshua da Joseph Parker a Cardiff a 2018, alƙalin ya riƙa raba su tun kafin su gama haɗuwa, har aka yi ta sukarsa. In aka samu irinsa, an ƙwace wa Fury rabin makaminsa. In kuwa aka samu mai barin a yi aiki a cikin runguma, Joshua zai sha nauyi. Sai ranar awo: in Fury ya zo a kusan kilo 118 zuwa 122, ya yi horo ke nan kuma zai iya motsi. In ya haura 127, na rage masa. Sannan Ben Davison, wanda ya riƙe Joshua a wasanninsa da Wallin da Ngannou da Dubois, shi ne ya dawo da Fury daga halin da ya shiga, shi ne a kusurwarsa daren da ya tashi a gaban Wilder. Ya san inda Fury yake sunkuyar da kai in ya kauce. Duk abin da ya koya wa Joshua a kan haka yana nan a kansa ko da wani ne ya riƙe shi a daren.

Abin da ke ci mini rai shi ne an so a yi wannan wasa lokacin da ya fi dacewa. An tsayar da 14 ga Agustan 2021 a Saudiyya, Joshua yana riƙe da kambun hukumomin dambe na WBA da IBF da WBO, Fury yana da na hukumar WBC, wanda ya ci ya haɗa duka. A watan Mayu mai sasanci a Amurka ya yanke cewa dole Fury ya ba Wilder karo na uku, magana ta watse, Joshua ya tafi ya haɗu da Usyk. Da an yi a lokacin, da na ba Fury bakwai ko takwas cikin goma. Shekaru ne suka matso da su kusa da juna.

Ga yadda nake ganin daren zai kasance. Turmi uku na farko za a yi ta kallon-kallo, Fury yana zolaya, yana taɓa shi da hagu, Joshua yana neman tazara, mutane su fara gunaguni. Tsakanin turmi na uku da na shida damar Joshua za ta sauka aƙalla sau ɗaya, filin ya tashi tsaye, kuma a nan ne huɗun da na ba shi suke zaune. In Fury ya ga ƙararrawar turmi na shida da ƙafafunsa, daga na bakwai zai fara shigowa, ya kai biyu ya jingina, ya ɗaga naushin haɓa irin wanda ya kwantar da Dillian Whyte da shi a Wembley a 2022. Ka riƙa kallon bakin Joshua a lokacin hutu, da yadda yake tashi daga kujera. In ka ga yana jinkirin miƙewa a farkon turmi na tara, hannunsa na hagu ya sauko ƙasa da haɓa, to ka gaya wa 'yan majalisarku alƙalai za su ba Fury da kamar 116 da 112, in ma alƙalin wasa bai shiga tsakani ba kafin nan.